Batir Shida a Kan Tabarmar Mai Rediyo

Sallar asuba kawai muka jira ranar Litinin, muka tashi daga Katsina, ni da 'yata ta fari. Ni ke tuƙi, ita tana gefe ta rungume jakar takardu kamar wani zai ƙwace mata. Sunanta ba zai fito a nan ba, don ko a gida ba na kiran sa. Malama nake ce mata tun tana firamare. Bakin nawa kuwa ya kama ta, domin yanzu a jami'a take koyar da aikin jarida da watsa labarai, kuma shekara shida ke nan tana fama da digirin digirgir a kan yadda rediyo ya shigo ƙauyukanmu.

Ku da kuke bibiyata kun saba in kawo muku labarin farantin sola da batir, wane ya yi tsada, wane jabu ne. Wannan karon ba kasuwa na fita ba. Sai dai kasuwar ta bi ni har can, ta kuma kusa jawo mana asarar da ba a mayarwa.

Ga abin da ya fitar da mu. Kundin da Malama ta rubuta an aika shi wurin wani farfesa na wata jami'a ya duba, ya dawo da shi da magana ɗaya. Ya ce babin da ke bayanin yadda mutanen ƙauye suka karɓi rediyo, duk daga takardun Turawa da na ofis aka kwaso shi, babu bakin mutum ko ɗaya da ya zauna ya saurara a wancan zamanin. Aka ba ta wata guda ta kawo irin wannan mutumin, in ba haka ba wa'adin karatun ya cika, sai dai a koma farko. Ta yi ta yawo. Duk wanda aka kwatanta mata, in ta je sai ta tarar ya rasu, ko tsufa ya tafi da tunaninsa. Ranar da ta zo gida ta zauna gaban mahaifiyarta ta kasa cin tuwo, saura kwana goma sha uku.

A nan na tuna da mutumin. Kafin in zama dillalin sola, da keke na fara, ina tallar batir da ƙwan tocila a kasuwannin ƙasar Daura, yau shekara arba'in da wani abu. A wani ƙauye bayan Sandamu akwai wanda kowa ke kira Mai Rediyo, don shi aka damƙa wa akwatin rediyo na farko da En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamanin, ta aiko wa mai garinsu. Na buga wa wani abokin cinikina na Sandamu waya, ya ce tsohon yana nan da ransa, ido ne kawai ya yi rauni, amma kunne da kai garau. Mijin Malama ya ce tunda da ni za a je, Allah ya kiyaye hanya.

Hanyar Daura ta Mashi ba ta da laifi, in ka cire wuraren da ruwan bana ya ci gefen kwalta. Ƙarshen damina ne, gero ya fidda kai ya sunkuya, wake ya rufe ƙasa, ko'ina ka duba kore ne. Babura kuwa sai ka ce su suka yi titin. Wani da buhu uku a baya, wani da awaki biyu a cikin kwando suna kuka, wani da jarkoki har ba ka ganin kansa, duk sun nufi bakin iyaka. Ba sa duba madubi, wasu ma sun cire shi sun huta.

A Mashi muka tsaya karin kumallo wurin wata mai koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi girma. Na ɗaga ɗaya na ce, “Hajiya, wannan ƙosai ne ko maɓallin riga?”

Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Alhaji, je ka tambayo kuɗin man gyaɗa, ka dawo mu yi magana.”

Na ci abina, don ta fi ni gaskiya. Malama kuwa kokon ma sau biyu ta kurɓa. Ta fito da takarda mai tambayoyi arba'in da biyu, an buga su da na'ura, tana bi tana gyarawa da biro. Na ce mata tsohon nan fa ba kotu za a kai shi ba, ta bar ni in buɗe magana, ni na san mutanen ƙauye. Ku riƙe wannan alfaharin nawa, za ku ga inda ya kai mu.

Muka wuce Shargalle, muka shiga Daura da hantsi. Garin ya faɗaɗa, wuraren da na sani gonaki ne duk sun zama shaguna, amma ƙofar gidan yayata tana nan yadda na bar ta. Muka ajiye kaya, ta hana mu fita sai mun sha fura. Furar Daura ba a yi mata gardama, gero ne zalla da nono mai kauri, ludayi yana tsayawa a ciki. Daga nan muka kama hanyar Sandamu. Inda kwalta ta ƙare mana, yashi ya fara, na bar motar wurin wani mai faci, muka hau babura biyu. Mai babur ya faɗi kuɗinsa, na kushe babur ɗin na ce ko rabin hanya ba zai kai mu ba, ya yi dariya, muka haɗu a tsakiya. Haka nake yi kullum, ba na ma jin lokacin da nake yi.

Ƙauyen ya canja. Akwai dogon ƙarfen kamfanin waya a bakin gari, akwai farantan sola a kan rufin kwano, wasu na gane irin kayan shagona ne. Amma tsamiyar ƙofar gidan mai gari tana nan. Muka fara gaida mai garin, jikan wanda na sani ne, ya haɗa mu da ɗan tsohon, wani magidanci mai furfura, ya kai mu.

Mun same shi a bakin zaure kan tabarma yana tufka igiya. Ya tsufa ƙwarai, amma zaune yake a miƙe. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko ni wane ne. Ya karkato kunne ya ce in sake magana. Na sake. Sai ya ce, “Mai batir? Mai keken nan da ba shi da birki, da ya taɓa shiga da kai cikin zanar liman?”

Malama ta dube ni. Wannan labarin ban taɓa ba su shi a gida ba.

Hira ta yi daɗi tun daga nan. Da ya ji abin da ya kawo mu, ya ce wa Malama, “Jikata, ashe har a jami'a ana karatun rediyo? To me ake karantawa, ba kunnawa ake yi a ji ba?” Ya yi dariya, ya sa ɗansa ya shiga ɗaki ya fito da akwatin. An naɗe shi da wani tsohon saƙi fari. Shi da kansa ya warware, a hankali, yana shafawa. Akwatin katako ne mai girman ƙaramin tebur, gabansa da ƙyalle mai ruwan ƙasa, da maɓallai uku, da gilashin da aka rubuta sunayen birane. Malama ta zuba masa ido.

To a nan shaiɗan ɗin kasuwa ya hau ni. Na ce a raina, in na saya mata akwatin nan ta ɗora shi gaban farfesoshin, wa zai ƙara cewa ba ta da shaida? Niyyar kirki ce. Amma a sana'armu, in kana son kaya ba ka nuna kana so. Ka fara kushe shi ne, ka nemo masa aibi, mai kaya ya rantse ya kare, sannan a shiga magana. Shi ya san wasa ne, kai ma ka sani. Shekara arba'in ina yi, bakina ya riga kaina. Na ƙwanƙwasa katakon da yatsa na ce, “Baba, ai wannan ya gama aiki. Gara ta ci bayansa, ƙyallen ya yage, ko 'yan gwangwan ba za su ɗauka ba. Amma tunda yarinyar nan tana so, faɗi abin da za a ba ka, mu rage maka tarkace.”

Hannunsa ya tsaya a kan akwatin. Bai yi fushi irin na ɗaga murya ba, da ma shi ya yi. Ya lalubo saƙin ya fara naɗewa kamar yadda ya warware.

“Ashe ciniki kuka zo,” ya ce. “Da kun faɗa tun farko, da ban sa an wahala an fito da shi ba.” Ya juya wajen ɗansa. “Mayar da tarkacen ɗaki.”

Malama ta matso ta ce, “Baba, don Allah ka yi haƙuri, ba haka yake nufi ba.”

“Jikata, ke ba ki yi komai ba. Amma bakina ya rufe. Allah ya kai ku gida lafiya.” Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

Na ba da haƙuri iya iyawata. Na ce wasa ne, na ce halin 'yan kasuwa ne. Duk abin da na ƙara, ƙara ɓata maganar yake yi. Muka koma wurin mai gari, ya girgiza kai ya ce in tsohon nan ya ce bakinsa ya rufe, ko shi ba ya iya buɗe shi. Ya ce akwatin nan, lokacin da ruwa ya rushe ɗakin tsohon, shi ya fara fitarwa kafin buhun hatsi.

Daga ƙauyen har Daura, Malama magana ɗaya ta yi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga mini murya ba, tarbiyyarta ba ta kai nan ba. Tana kallon gonaki ta taga ta ce, “Baba, saura kwana goma sha biyu.” An sha yi mini asara a kasuwa, kaya sun taɓa ƙone mini a mota, amma ba wadda ta yi mini zafi kamar wannan maganar. Shekara shida tana barin 'ya'yanta wurin mahaifiyarta tana bin ɗakunan ajiyar takardu, ni kuma na zo da jumla uku na rushe.

Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, yayata ta matsa sai ta ji abin da ya faru. Na ba ta labari ban rage komai ba. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta dube ni.

“Kai dai ko gaisuwar mutuwa ka je, sai ka taya tabarmar da aka shimfiɗa maka,” ta ce. “Ka manta lokacin da kake zuwa garin nan ƙafa duk faso, ba wanda ya san ubanka? Wa ya ba ka wurin zama?”

Zagi ta yi, amma sai ta tuna mini da abin da na manta. A zamanin da nake tallar, babban akwatin ya riga ya mutu, sun koma wani rediyo mai cin manyan batir shida. Kullum da safe da yamma ana taruwa gindin tsamiya, Mai Rediyo ne kaɗai ke taɓa maɓalli. Batir kuwa karo-karo ake yi, kuma suna da doka: duk wanda ya ajiye batir a kan tabarmar, ba a tashin sa, ko baƙo ne, ko akwai rigima tsakaninsa da mai gari kansa. Na taɓa ganin mutum biyu da suka yi shekara ba sa gaisawa saboda iyakar gona, suna zaune kafaɗa da kafaɗa a wurin, don kowa ya kawo nasa. Ni ma ranar da na fara zuwa, da batir biyu na samu wurin zama, har aka ba ni tuwo.

Na miƙe na ɗauki hula. Sai ga wani abin kunya: ni da nake da shago cike da batir, wanda ƙaraminsu sai mutum biyu sun ɗaga, ba ni da irin wannan ko ƙwara ɗaya. Na shiga kasuwar Daura ina nema. Yanzu kowa tocila mai caji yake riƙewa, rediyon ma mai caji ne, wasu a waya suke ji. Shago na farko babu, na biyu ya ce sai dai ƙanana, na uku ya tambaye ni ko agogon bango zan sa wa. Sai can wajen masu tebur na samu wani dattijo da kwali ɗaya a ƙasan kaya. Na duba kwanan watan da ke jiki, na auna nauyinsu a hannu, lafiyarsu lau. Na ware shida, ya faɗi kuɗi, na miƙa masa ban nemi ragi ba. Ya bi ni da kallo, ina jin ya ɗauka ba ni da lafiya.

Washegari rana na fitowa muna kan babura. Ban yi wa Malama alkawarin komai ba, na dai ce ta taho da jakarta. Raɓa ta jiƙa mana ƙafafu, mata suna fita gona da ƙwarya a ka, wani makiyayi ya tsare mana hanya da shanu har sai da ya ga dama.

Tsohon yana inda muka bar shi, da ƙaramin rediyo mai caji a kunne yana jin labaran safe. Na yi sallama. Ya amsa, don sallama ba a ƙin amsa ta, sannan ya kau da fuska. Na durƙusa na fito da batir ɗin daga aljihu, ina ajiye su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarmar, yadda za su riƙa bugun juna ya ji.

Ya rage muryar rediyon. Ya miƙa hannu ya lalube su, ya ɗauki ɗaya ya jinjina nauyinsa. Ni kuwa gumi nake yi da sanyin safiyar nan.

“Sababbi ne?” ya ce.

“Sababbi ne, Baba.”

“Don na da da kake kawo mana, rabi a rana ka shanya su suka farfaɗo.”

“Ba su kai rabi ba, Baba. Ɗaya cikin uku ne.”

Ɗansa da ke tsaye ya fashe da dariya. Tsohon ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, bakinsa ya ƙi. Ya jera batir ɗin a gefensa ya ce, “Dokar nan ba ni na kafa ta ba, ba kuwa ni zan karya ta ba. Zauna. Amma ka tuna sauranta: mai batir sauraro yake yi, ba ya magana. Jikata, matso da abin ɗaukar maganar taki.”

Haka aka yanke mini hukunci. Awa uku ina zaune ban ce tak ba, abin da matata, da ta ji labari, ta ce ba ta taɓa gani ba tun da aka ɗaura mana aure.

Malama ta karanta masa takardar neman izini, ya ce ya yarda, ɗansa ya ɗora masa hannu a kan layin, ya rubuta sunansa da ajami. Ta fara da tambayoyinta na takarda. A ta uku ta ce littattafai sun rubuta wai mutanen ƙauye sun ɗauka akwai ƙananan mutane a cikin akwatin. Tsohon ya tsuke baki.

“Wa ya gaya musu? Yara ƙila. Mu da muka ga mota, muka ji labarin jirgin sama? Mu abin da ya dame mu ba wanda ke ciki ba ne, wanda ya aiko shi ne. Mun ce abin da ke kawo magana daga birni, me zai hana ya kai tamu can? Wata guda ba wanda ya yi zancen haraji ko yawan awakinsa a gindin tsamiyar nan, sai an rufe shi da zane an shigar da shi soro.”

Malama ta ninke takardar tambayoyin ta sa a jaka. Ba ta sake fito da ita ba.

Ya ba ta labarin yadda aka zaɓe shi yana saurayi, don ya yi ajin yaƙi da jahilci kuma hannunsa ba ya rawa. Ya faɗi yadda aka hau tsamiya aka ɗaura waya, da yadda batir ɗin farko ya kai girman tubali, a kan jaki ake ɗauko shi daga Daura. Amma abin da ya sa ta gyara zama shi ne aikinsa na biyu. Ya ce rabin gari suna gona lokacin da ake labarai, mai gari kuma kunnensa ya yi nauyi, saboda haka shi ke maimaitawa. Kuma ba duka yake maimaitawa ba. Labarin rasuwar babban mutum, sai mai gari ya gama cin abinci. Labarin yaƙi a wata ƙasa, yakan rage masa zafi in akwai wanda ɗansa ke soja a wurin. Farashin gyaɗa kuwa, da ya ji, kafin masu awo su iso ya zaga gida gida ya faɗa. Ya ce masu sayen gyaɗa sun tsane shi, har ɗaya ya taɓa kawo masa turmin yadi don ya riƙa mantuwa.

Ta ce, “Ka karɓa?”

“Na karɓa mana, na ɗinka riga. Da ita na zaga na faɗi farashin.”

A nan na kusa karya dokar shirun, don ni na san zafin da mai awon nan ya ji.

Ana cikin haka sai wata murya ta fito daga bayan zana. Matar tsohon ce, ashe tun ɗazu tana saurare. Ta ce, “Malam, ka gaya mata wa ke kai labarin bakin rijiya. Ko maza kaɗai ke da kunne a garin?” Mata ba sa zuwa gindin tsamiya a lokacin, sai ya maimaita mata a gida, ita kuma da safe ta kai wa mata wurin ɗiban ruwa, da nata ragi da ƙari. Malama ta shiga ciki ta yi kusan awa guda. Ta fito da murya ta biyu a na'urarta, da ƙullin ɗanyar gyaɗa a hannu. Mutum ɗaya aka ce ta kawo, ga biyu.

Kafin mu tashi tsohon ya sa aka sake fito da akwatin don ta ɗauki hoto. Na mayar da hannuwana baya na riƙe su. Sai ya ce yana so ya ji abin da aka ɗauka. Malama ta ɗora 'yar na'urar a kan akwatin ta kunna. Maƙwabta sun riga sun taru, wasu a tsaye wasu a tsugune. Muryarsa ta fito tana ba da labarin jakin da ke ɗauko batir. Ya karkata kai yana ji, leɓensa yana motsi. Da ta kashe, ya shafa katakon ya ce, “Tun ina saurayi nake maimaita maganar mutane daga akwatin nan. Yau shi ya maimaita tawa.”

Aka kawo ɗanwake da man gyaɗa da yaji, muka ci. Sannan ya ce an ɗage mini takunkumi. Na ce masa na gode, na kuma roƙe shi gafara, wannan karon ba tare da bayani ba. Ya ce ya yafe, amma in na sake zuwa in taho da birki. Batir shidan nan ba su shiga rediyon da yake ji yanzu, shi ma ya sani. Ya sa aka jera su a kan akwatin, aka naɗe su tare a cikin saƙin.

A hanyar komawa bakin kwalta Malama ta yi ta yi mini bayani, wai abin da tsohon ke yi na zaɓen labarin da zai wuce da wanda zai tsaya, suna da suna na musamman da suke kiran sa a littattafansu, ana yin zango guda ana koyar da shi. Na ce mu a kasuwa dillanci muke ce masa. Ta yi dariya, karon farko a tafiyar.

Muka biya Daura muka sallami yayata. Ta ce tunda an dace, ta janye rabin zagin, rabin kuma in riƙe don gaba. Muka kamo hanya bayan azahar. Jakar da Malama ta rungume tun daga Katsina, wannan karon kujerar baya ta jefa ta, na'urar kawai ta ɗaure a bakin mayafi. Kafin mu kai Shargalle barci ya ɗauke ta. Ban kunna rediyon mota ba, na bar ta. Muka wuce mai ƙosan Mashi ta riga ta tashi, muka shiga Katsina da la'asar sakaliya, na tashe ta a ƙofar gidanta.

Kwana tara ta yi tana rubutu, ta miƙa saura kwana biyu. Shekaranjiya ta kira ni ina shago, ta ce farfesan ya sa hannu, an sa mata ranar kare kundin. Na ce alhamdu lillahi, na ajiye wayar, na zauna a kan wani kwalin batir na daɗe ban tashi ba. Wani mai saye ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, yau ma na fi kullum.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya shiga. Na daɗe ina ganin karatun Malama abu ne na takarda, ni ne na san mutane. Na je na tarar ita ta san lokacin da ake ninke takarda a saurara, ni ban san lokacin da ake rufe baki ba. Kushe kaya dabara ce mai kyau a inda kowa ya san wasa ake yi. In ka kai ta ƙofar gidan mutum, rayuwarsa ka kushe. Kuma abin da ya cece mu ba wayona ba ne, wata doka ce da manoma suka kafa a gindin tsamiya don kada a kori kowa, tsoho ɗaya ya riƙe ta bayan kowa ya manta.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na canja gaba ɗaya ba. Tun daga Sandamu har Katsina kaina yana lissafin abin da akwatin nan zai yi a hannun masu tara kayan tarihi, kuma na san amsar. Ban faɗa wa Malama ba, ban faɗa wa yayata ba, ku ma ba zan faɗa muku ba.